Yadda zaka haɗa ziyarar abokai da kwashe kayan da ka bari ajiya a tafiya ɗaya

Da yawanmu akwai wani ɗaki a wani gari da kayanmu ke jibge a ciki. An maka canjin wajen aiki daga Zariya zuwa Abuja, ko ka gama karatu a jami'ar ABU Zariya, ko aure ya kai ki wani gari, aka tura katifa da akwatuna da kwalaye cikin siton wani aboki akace wata biyu kawai za a dawo a kwashe, toh gashi yaron da aka haifa a gidan a lokacin har ya shiga firamare. Mai gidan ba zai taɓa buɗe baki yace kazo ka kwashe ba, kunya ba zata barshi ba, amma wallahi yana buƙatar ɗakinsa. Dan haka ka sa a ranka tun daga gida cewa zaka je ne ka bar masa ɗakin wayam, kuma mafi yawan kayan nan ba tare zaku dawo ba.

Ka fara da waya, kamar sati biyu kafin tafiyar. Kar ka faɗo musu kwatsam kace kazo kwasar kaya, wataƙila mai riƙe da makullin ya yi tafiya, ko an ɗora buhunan masara a kan naka. Ka gaishe shi sosai sannan kace "ɗan uwa ina so in shigo ranar kaza mu gaisa, in kuma rage muku nauyin kayan nan, Allah ya saka da alheri". Ka roƙe shi ya buɗe ɗakin ya ɗauko maka hoto ko ɗan bidiyo ya turo ta WhatsApp, da shi zaka san irin motar da kake buƙata. Abinda mutum yake tunawa ya bari da abinda zai tarar ba ɗaya bane.

Lokaci kuma, bayan ɗaukewar ruwa ya fi, daga Nuwamba zuwa gaba. Da damina katifa a saman mota wahala ce ko da tamfol. In daga Abuja zaka tashi, ka fita bayan sallar asuba kabi ta Zuba, Tafa, Jere, Katari har Kaduna, wajen kilomita 190 kenan, daga nan ta Maraban Jos da Jaji zuwa Zariya kuma kamar 80. Wanda zai zarce Kano sai Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura. Tun 2018 aka fara aikin sake gina wannan hanyar, dan haka ka tambayi direbobin tasha yadda take a satin da zaka tafi, kuma dan Allah banda tafiyar dare, ko zuwa ko dawowa. Ka duba taya harda safaya, da birki, da ruwan lagireto. Doya ko lemo a Zuba sun isa tsaraba, kar kaje gidan da suka riƙe maka kaya shekaru hannu rabbana.

Sai lissafin kuɗi, wanda mutane basa son yi. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ɗaukar shatar mota ya zama abin da sai an yi tunani. Ka tambayi kuɗin shatar a-kori-kura ko motar Kanta daga can zuwa inda kake, sannan ka tambayi kanka nawa za a sayi tsohon gadon da kujerun in ka kai su kasuwa. In kuɗin motar ya fi kuɗin kayan, magana ta ƙare, a can zasu tsaya. Wani ma gara ya hau jirgin ƙasa daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna ya ƙarasa a motar haya, ya dawo da jaka biyu.

Abinda yake ɓata irin wannan tafiyar shine hira. Ka isa, a kawo ruwa, a kawo tuwo, a kira wane ace ga wane yazo, kafin ka ankara an yi la'asar, washegari ma a ja ka gaisuwar mutuwar da baka samu zuwa ba, ranar komawa sai ka buɗe ɗakin a gurguje ka ɗauki akwati ɗaya kace sauran sai wani zuwan. Ranar da ka sauka ka barwa mai masaukinka da iyalinsa ita, ka shiga ka gaida Baba da Hajiya in suna gidan. Washegari tun da sassafe aiki, sauran abokai kuma sai an kulle ɗaki, ko kuma ka gayyato biyu daga cikinsu su tayaka, ana aiki ana hira.

In an buɗe ƙofar kar ka faɗa ciki nan take, a barta a buɗe iska ta shiga. Ka ɗaure hanci da takunkumi, ka sa takalmi rufaffe, kuma kar ka cusa hannu ƙarƙashin kwali ko bayan kabad, ka fara taɓawa da sanda saboda kunama, wani lokacin harda maciji. In kaga kashin ɓera ka yayyafa ruwa mai bilic kafin shara dan kar ƙurar ta tashi, zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa kuma da rani ya fi yawa. Kwanuka da tukwane duk sai an wanke da ruwan zafi da omo.

A fito da komai tsakar gida, komai, a shimfiɗa tabarma a zube. Abu na farko da zaka nema takardu: satifiket, takardar fili, takardar haihuwa, hotuna. In gara bata riga ka ba ka ɗauki hotonsu da waya a take, ka sa su a jakar da zata zauna a jikinka. Alƙur'ani da littattafan addini masu kyau a kai masallaci ko islamiyya, waɗanda suka lalace a ƙona su ko a binne a waje mai tsafta, kar su bi shara.

Sauran sai ka raba: na tafiya, na kyauta, na sayarwa, na bola. Ni a ganina duk abinda ka shekara uku baka neme shi ba, ba zaka neme shi ba. Kayan sawa da suka matse ka, labule, tsohon risho, leda, a bayar. Kuma ka fara da mutanen gidan, kace wa matar abokinka "uwargida ki duba ko akwai wanda zai miki amfani", sannan masu tayaka aiki da almajiran unguwa. Ƙarafa, matacciyar fanka, tsohon batir, 'yan gwangwan zasu auna su biya ka, kar ka tsaya dogon ciniki. Gado da kujeru dillalai ko 'yan gwanjo zasu zo har gida su ɗauka, farashin zai maka ciwo amma ka tuna kuɗin shata. Abu ɗaya dai, in kayan ɗakin matarka ne, kwalla da samira da kumbon da iyayenta suka yi mata, nata ne, ka kirata ta bidiyo ta gani da idonta kafin ka bayar da ko cokali. Haka in akwai kayan marigayi a ciki, wannan na magada ne, sai an yi shawara.

Wajen lodi, masu nauyi a ƙasa, masu fashewa a naɗe su cikin zannuwa da bargo. Firij a tsaye ake ɗaukarsa, in dole sai an kwantar toh in an sauke a barshi tsaye wasu awanni kafin a jona wuta, man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Janareto a zuƙe tsohon fetur ɗin da ke ciki, dama ya riga ya daskare a kafireto sai ya ga bakanike. Tukunyar gas a tsaye, a inda iska ke shiga, wadda tayi tsatsa kuwa a haƙura da ita. Kar a yi lodin da zai rufe gilashin baya ko ya hana but rufuwa, akwai 'yan rod sefti a hanya, ga jami'an hanya na jiha, KASTLEA a Kaduna da KAROTA a Kano. In kana da rasit na talabijin ko janareto ka riƙe a kusa saboda shingen bincike, in babu ka tabbatar wayar abokinka a kunne take.

Kafin ka tafi ka sa a share ɗakin tas, in gara ta ci ƙofa ko silin saboda kwalayenka ka kira kafinta ka biya, in ma haya ake biyan wajen ka tambaya ko akwai bashi. Kuɗin ajiya ba zai karɓa ba, kar ma ka fara, sai dai ka damƙa wa yara wani abu ko ka aiko da buhun shinkafa daga baya. Ka miƙa masa makullinsa hannu da hannu. In ya ce "haba, bar wannan akwatin mana ai ba ya tare mana komai", ka yi godiya ka sa shi a mota.