Darasi na 9: Gishirin teku a tukunyarmu

In kun shiga kasuwar Tawa wajen ƴan gishiri, za ku ga kantu na Bilma a jere. Wannan na dabbobi ne. Beza, wani gishirin Bilma, ita ce ta miya. Can gefe kuma ga buhunan farin gishiri mai tsakuwa-tsakuwa. Shi ne gishirin teku. Nijar ba ta da teku, daga ƙasashe irin su Gana da Senegal ake kawo mana shi.

Yinsa ba wuya. Ana tare ruwan teku a fili mai faɗi marar zurfi, rana da iska su shanye ruwan, gishiri ya kwanta, a kwashe. Lita 1 ta ruwan teku tana da gishiri kimanin giram 35.

Ga inda masu girki ke yin kuskure. Gishiri mai tsakuwa ba ya narkewa da wuri. Uwargida ta jefa shi cikin miyar kuka, ta ɗanɗana, ta ji lami, ta ƙara. Kafin a kwashe tuwo duk ya narke, miya ta yi zau, maigida sai kurɓar ruwa yake. Maganin abin turmi ne. Ku daka shi ya yi laushi, ku zuba kaɗan dab da saukewa, ku motsa, ku ɗan jira kafin ku ɗanɗana. In kwaɗon zogale ne, a daka shi tare da ƙuli-ƙuli.

Wajen naman layya kuwa, mai tsakuwar ya fi. A goge kayan ciki da shi da lemun tsami, ƙarni ya fita. Naman shanya a barbaɗa masa, yana jawo ruwan da ke jikinsa, ba ya saurin ruɓewa.

Wasu na cewa tunda daga teku ya fito, ai yana da iyod, wani sinadari da jiki ke buƙata. Kaɗan ne ƙwarai, sai an ƙara masa. Rashin iyod ke kawo maƙoƙo, yana kuma tauye ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Ku duba buhu ko leda, ku nemi rubutun "sel iodé", wato gishiri mai iyod. A gida ku zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu, don zafi da laima suna rage iyod ɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, saboda hawan jini. Dunƙulen magi ma gishiri ne dam a ciki, a lissafa da shi.

Aikin gida: ku auna gishirin miyar yau da cokalin shayi, ku rubuta adadin cokula da yawan mutanen da suka ci, ku zo da shi aji.