Kurakuran da muke tafkawa in muna karanta labaran Rumawan da

Na farko dai wanda ni kaina na daɗe ina yi, wato ɗaukar Rum a matsayin abu guda. Mun taso muna jin Rumawa a Suratur Rum, ga labarin Hirakla da aka kai wa wasiƙa, to ranar da na fara ɗaukar ƙagaggen labari a kan Yuliyos Kaisar mutanen Hirakla nake ta hangowa a raina, har na yi nisa ina mamakin yadda ba coci ko ɗaya a garin sai gumaka. Ashe tsakaninsu ya fi shekara 600. Hirakla ya hau mulki a 610, Kirista ne, fadarsa na Kustantiniya wadda ake kira Istanbul yanzu, kuma Girkanci ya fi yawa a ƙasarsa. Shi kuwa Kaisar Latin yake yi, a birnin Rum na Italiya, ana bauta wa su Jupita. Maganin abin sauƙi ne, kafin ka wuce shafi biyar ka nemo shekarar da labarin ke faruwa. An ce an kori sarakuna a 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka koma jamhuriya, sai a shekara ta 27 kafin haihuwar tasa Agustas ya zama na farko a jerin manyan sarakunan daular. Rum ta yamma ta faɗi a 476 bayan haihuwarsa, ta gabas kuwa sai 1453.

Shi Kaisar ɗin ma bai taɓa zama sarki ba fa, mutane da yawa a nan suke zamewa. Muƙamin dikteta ya riƙe, kuma a wurinsu kujera ce ta doka da ake ba mutum na wata shida in ƙasa ta rikice, da aka mayar masa da ita ta har abada ne sanatoci suka caka masa wuƙaƙe ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kuma a tuna shekarun can baya-baya ake ƙirga su, an haife shi a 100 ya mutu a 44, ba kuskuren bugu ba ne. Su kansu da sunan shugabanni biyun da aka zaɓa a shekarar suke gane ta.

Sai sunaye, kai wannan ya sa mutane da yawa sun ajiye littafi. Babban mutum yakan zo da suna uku, na yanka, na dangi, da laƙabin gida. Na yankan ba su da yawa, ko ina ka juya Gayos ne ko Markus ko Lushiyos, kamar ka shiga aji ka kira Muhammadu rabin ɗalibai su waiwayo. Ka riƙe na ƙarshen kawai. Sisero misali, sunan daga wani irin wake ya samo asali. Mata kuma sunan dangi ake ba su, duk 'yar gidan su Yuliyos Yuliya ce, in su biyu ne a ce babba da ƙarama. Abin da ya fi rikita ni shi ne yaron da Kaisar ya ɗauka a wasiyyarsa ya gaji har sunansa, shi ne Oktabiyan, shi ne kuma ya zama Agustas daga baya, mutum ɗaya suna uku. Ni takarda nake sakawa cikin littafin ina rubuta waye ɗan wa.

Wani kuskuren kuma yarda da marubuci ɗari bisa ɗari. In ka ga sarki Nero zaune a filin wasa na Kolosiyam yana kallon faɗa to an yi maka ƙari, ya mutu a 68 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), filin kuwa sai 80 aka buɗe shi zamanin Titus. In ka ga miyar tumatir ko dankali ko masara a teburi, waɗannan daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Abin da suke zubawa a kusan kowane girki shi ne garum, ruwan kifin da aka jiƙa da gishiri ya yi tsami, ka ce daddawarsu ce. Mayafin toga ma ba kullum ake yawo da shi ba, ulu ne mai nauyi na zuwa majalisa da taro, gajeriyar taguwa ake wuni da ita. Haka bauta a wurinsu ba ta launin fata ba ce, bayi da yawa Girkawa ne da mutanen Gol (yankin Faransa ta yau), kuma Septimiyos Seberus da ya yi mulki daga 193 zuwa 211 haifaffen Leptis Magna ne a Libiya ta yau.

Amma kar kuma a wuce gona da iri, akwai masu karatu da biro a hannu suna farautar kuskure har labarin ya fita a ransu. Ko tsofaffin masu tarihin ba tsarkaka ba ne, Tasitus sanata ne mai jin haushin sarakuna, Suwetoniyos kuma ba ya barin gulma ta wuce shi, daga wurin irinsu zargin cewa Libiya matar Agustas tana sa wa mutane guba ya iso gare mu, ba wanda ya tabbatar. Yawancin marubutan ƙagaggun labaran nan suna saka ɗan bayani a ƙarshen littafi inda suke faɗin abin da suka ƙirƙira da wanda suka matsar da shekararsa, ni yanzu da shi nake farawa, ko da zai ɗan tona mini wanda zai mutu.