Yadda za a zuƙe ruwan na'urar ɗumama gida ba tare da an ɓata ɗaki ba

Jama'a, ga mai shirin zuƙe ruwan bututun ɗumama gida: fara kashe boila, wato tukunyar da ke zafafa ruwan, ka bar ruwan ya huce sarai. Sannan ka tsayar da ruwan da ke shigowa. In akwai ƙaramin tanki a saman rufi, rufe bawul ɗinsa, in ba haka ba kana zubarwa yana sake cika.

Nemi bawul ɗin zuƙewa, yawanci yana jikin radiyetar da ta fi kowacce ƙasa (radiyeta ita ce ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke bi ta ciki ya ɗumama ɗaki). Sa tiyo a bakinsa ka ɗaure da kilif, kada ka yarda da turawa kawai. Nan ne ake yin ɓarna, domin ruwan baƙi ne ƙirin saboda tsatsar ƙarfe, in ya taɓa kafet da wuya ya fita. Shimfiɗa tsohon tawul, ka ajiye faranti mai ɗan zurfi a ƙarƙashi, don bakin bawul ɗin kan yi ɗigo ko an ɗaure da kyau. Ɗaya bakin tiyon a kai shi magudanar ruwa a waje, ya kasance ƙasa da radiyetar. Ban da kan shuke-shuke, akwai sinadari a ruwan.

Buɗe bawul da sifana a hankali. In ruwa ya fara tafiya, sai ka kwance bawul ɗin iska na radiyetocin bene, daga baya na ƙasa. Wanda ya yi gaggawar buɗe na ƙasa, ruwa zai feso masa a bango.

Kafin sake cikawa, rufe bawul ɗin zuƙewa da na iska duka, ka zuba maganin hana tsatsa. In na'urarka mai agogon matsi ce, in kana cikawa tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 (bar shi ne ma'aunin matsi a agogon) tana sanyi.