Kurakuran da aka fi yi wajen auna shekarun lu'ulu'u da duwatsun can cikin ƙasa

Duk sanda zancen shekarun lu'ulu'u ya taso tsakanin masu koyon nazarin duwatsu a nan Zariya, kabon-14 ne ke fara fita daga baki, tunda lu'ulu'u zallar kabon ne. Wannan hanya ba ta ɓullewa. Rabin kabon-14 yana rikiɗa cikin shekara 5,730, bayan shekara 50,000 kuwa kusan babu sauran abin aunawa, alhali lu'ulu'u zancen biliyoyin shekaru ake yi. Abin da ake aunawa shi ne 'yan ƙwayoyin ma'adinai da ya rufe a cikinsa: ƙwayar ganet ana auna ta da sinadaran samariyam da niyodimiyam, ta salfaid kuma da reniyam da osmiyam, domin na farkon kowane biyu yana rikiɗa a hankali ya koma na biyun.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ɗauki shekarun kimbalait, wato dutsen aman wuta da ake haƙo lu'ulu'u a cikinsa, a liƙa wa lu'ulu'un da ke cikinsa. Lu'ulu'u yana samuwa ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, ya yi zamansa can, sai daga baya narkakken kimbalait ya taso ya kwaso shi. Kamar dattijon da ya shiga sabuwar mota a Kwangila ne, ba a sanin shekarunsa daga takardun motar. A 1984 Stephen Richardson da abokan aikinsa sun auna ganet na lu'ulu'un Kimberley da Finsch a Afirka ta Kudu, suka samu sama da shekara biliyan 3, shi kuwa kimbalait ɗin Kimberley bai wuce wajen miliyan 90 ba. Don haka kowace lamba kuka rubuta, ku faɗi abin da take nunawa: samuwar lu'ulu'un, ko fitowar dutsen da ya ɗauko shi.

Ita ma ƙwayar ba a amince mata ido rufe. Wata ta riga lu'ulu'un samuwa, ya zo ya lulluɓe ta kawai, kun ga shekarunta na iya zarce nasa. In kuma akwai tsagewa daga ƙwayar zuwa waje, a ajiye wannan samfur, wani abu ya riga ya shiga. Haka tara ƙwayoyi daga lu'ulu'u masu yawa a auna su gaba ɗaya: in ba zamaninsu guda ba, idan aka zana sakamakon awon a jadawali ana iya samun layi miƙaƙƙe mai kyan gani, amma cakuɗe yake nunawa, ba shekaru ba. Amfanin salfaid ke nan, ana iya auna ƙwaya guda ita kaɗai.

Mu da ba mu da ma'adinan lu'ulu'u a kusa, guntayen feridotait, wato dutsen can ƙarƙashin ɓawon duniya, da aman wuta ya fito da su a tsaunukan Biu da Jos su ne rabonmu. Dutsen Kufena giranait ne na ɓawon duniya, ba zai ba da labarin can cikin ƙasa ba. Idan feridotait ya ɗan narke, reniyam yana bin ruwan dutsen ya tafi, osmiyam ya tsaya. Ana yin lissafin shekarun wannan narkewa kamar reniyam ya fice ƙaf, ga shi kuma ba ya ficewa duka, saboda haka lambar da ta fito mafi ƙaranci ce. Ku rubuta "aƙalla" a gabanta. Kafin niƙa kuma a yanke gefen da ya taɓa baƙin dutsen da ya ɗauko guntun, a yi aiki da tsakiyar da ruwa da rana ba su ci ba, domin ta gefen nan sabon reniyam ke shiga ya ɓata lissafi.