Babi na Shida: Zaɓen Makullin Maganaɗisu don Kabad da Durowa a Gidan Renon Yara

Matar da take karɓar 'ya'yan mutane a gidanta daga safe zuwa la'asar amana ce aka damƙa mata, kuma idanu biyu ba za su iya tsare yara biyar ko shida a lokaci guda ba. Tana goye da wannan, tana ba wancan kunu, mai rarrafe kuwa ya riga ya isa gindin kabad ɗin da aka ajiye kananzir, da fiya-fiya, da bilic, da reza. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kananzir ɗin da ake zubawa a robar lemo, domin yaro bai san bambancinsa da ruwan sha ba. Saboda irin wannan ɗan lokaci da ido yake kaucewa ne ake sa wa kabad makulli.

Makullin maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, yana da sassa uku. Akwai jikin makullin da ake kafawa a bayan ƙofa ta ciki, akwai abin da harshensa yake kamawa a jikin kabad, sannan akwai ɗan mabuɗi wanda ba shi da haƙora ko ɗaya, maganaɗisu ne kawai a cikin roba. Idan kika ɗora shi a kan ƙofar daga waje, daidai inda makullin yake, zai ja harshen baya, ki ji wani ɗan ƙara, sai ƙofa ta buɗe. Daga waje yaro ba ya ganin komai, saboda haka babu abin da zai ja hankalinsa ya tsaya yana koyon buɗewa. Ya kuma fi sakatar roba, wadda take barin ƙofa ta ɗan buɗe har yaro ya zura hannu ko ta matse masa yatsa.

Kafin ki sayi ko ɗaya, ki fara duba kabad ɗinki, domin shi ne zai faɗa miki abin da ya dace da shi. Ki auna kaurin ƙofar da awon tela, ki rubuta lambar, ki kwatanta da abin da aka rubuta a jikin kwalin makullin. Yawancinsu suna aiki ta cikin katakon da kaurinsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. A wajen durowa a kula sosai, domin sau da yawa kafinta yakan haɗa katako biyu a fuskarta, sai kaurin ya ninka. Ƙusar da aka ɓoye a cikin katako ma tana iya raba ƙarfin mabuɗin. Kabad ɗin ƙarfe kuwa, irin na masu walda, wannan makulli bai dace da shi ba, domin ƙarfen ne zai riƙe maganaɗisun. Kwaɗo ya fi masa.

Iri biyu ne a kasuwa: mai gam da mai sukuru. Mai gam ya fi sauƙin sawa, kuma shi ya dace da wadda take gidan haya. Amma gam ba ya kama maiƙo ko ƙura, don haka sai an goge wurin tas ya bushe, a danna sosai, a bar shi awa 24 kafin a fara jan ƙofar. Zafin bazara da tururin girki suna sassauta shi a hankali. A ganina, duk kabad ɗin da yake ɗauke da magani ko guba, mai sukuru za a sa masa, ko da za a biya kafinta, domin a gidan reno hannaye da yawa ne suke jijjiga ƙofa ɗaya kowace rana.

Da yawa daga cikin waɗannan makullai suna da ɗan maɓalli da ake turawa don su daina kullewa. Yana da amfani ranar da babu yara, amma dole ne ki mayar da shi kafin a kawo yaron farko da safe.

Ɗan mabuɗin shi ne abin da ya fi buƙatar kulawa. Ki zaɓi kwalin da yake da mabuɗi biyu aƙalla, ki rataye ɗaya a sama inda yaro ba zai kai ba ko ya taka kujera, ɗayan kuma kada ya taɓa shiga cikin kabad mai kulle. Ki zaɓi mai girma, wanda robarsa take da kauri. Idan ta tsage, ki fitar da shi daga gidan nan take, domin yaron da ya haɗiye maganaɗisu biyu, za su iya manne wa juna ta jikin hanji har su huda shi. In hakan ta faru, a garzaya asibiti ko da yaron yana wasansa. Wanda ya sha kananzir kuma, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin yana iya shiga huhunsa.

Aikin wannan mako: ki durƙusa daidai tsawon yaro mai shekara biyu, ki zagaya ɗakin da kicin, ki ƙirga kowace ƙofa da durowar da hannunki ya kai, sannan ki zo aji da adadinsu da kaurin kowacce a rubuce.