Yadda nake haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta shafa wa burodi a gida

Wallahi duk lokacin da na shiga kanti na ga 'yar ƙaramar kwalbar nan ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ake shigowa da ita daga waje, na duba kuɗin da aka maƙala mata, sai raina ya sosu, don mu fa gyaɗa tamu ce, Kano ɗin nan da aka yi dalar gyaɗa tun zamanin su Alhassan Dantata, jirgin ƙasa yana kwasa zuwa Legas, wai yau mu ne muke sayen niƙaƙƙiyarta da tsada haka. Alhali kwano ɗaya na ɓararriyar gyaɗa zai cika miki kwalabe har ki ba maƙociya. To 'yar'uwa ga yadda nake yi, amma tun yanzu ki sani aikin duk yana wajen tsinta da suya ne, markaɗen shi ne mai sauƙi.

Da farko sayen gyaɗar. Ki nemi busasshiya ƙayau, wadda in kin damƙa kika saki za ki ji tana ƙara, ki ɗan tauna ɗaya a gaban mai sayarwa, in kin ji ɗaci ko warin ruma ki bar masa kayansa ko da ya rage miki kuɗi. In kin zo gida ki baza ta a tire, ki zauna inda haske yake, ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Tsakuwa, wadda ta yamushe, wadda ƙwaro ya huda, mai baƙi-baƙi ko kore-kore a jiki, duk ki fitar. Kar ki ce asara ce, kuma don Allah kar ki watsa wa kaji. Dalili shi ne akwai wata funfuna da take kama gyaɗa in ba ta bushe da kyau ba ko an ajiye ta a wuri mai danshi, tana fitar da guba da ake kira aflatoksin, gubar nan hanta take ci har takan kai ga ciwon dajin hanta, kuma suya ba ta kashe ta gaba ɗaya. A 1960 aka fara gano ta bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da dusar gyaɗa mai funfuna. Shi ya sa ni nakan ɓata kusan rabin awa a kan kwano ɗaya, yara suna ta Mama ba ki gama ba, ina ce musu su yi haƙuri cikinsu nake karewa.

Sai suya. Ni dai har yau ban ga abin da ya kai suyar yashi ba. Ki samu yashi mai tsafta ki tankaɗe shi, ki zuba a kasko ko tsohuwar tukunyar ƙarfe, in ya ɗau zafi ki zuba gyaɗar ki rage wuta, kina juyawa ba tsayawa, don yashin ne yake raba zafin ko'ina ba wadda za ta ƙone ta bar 'yar'uwarta ɗanya. Za ki fara jin tana ɗan tas-tas, ƙamshi ya tashi, to a nan sai ki riƙa ɗauko ɗaya kina murzawa da yatsa, in jan ɓawon ya salluɓe da kansa cikin kuma ya koma ruwan zuma mai haske, ki sauke nan take ki rairaye yashin. Kar ki jira ta yi duhu a kan wuta, don bayan an sauke ma tana ci gaba da soyuwa da zafin jikinta, kuma in ta yi ƙauri to ba sukarin da zai ɓoye shi. In kuma ba ta soyu ba, markaɗen zai fito fari yana gafi, mai ma ba zai fito sosai ba. Mai obin za ta iya baza ta a faranti ta sa a zafin digiri 180 na Celsius, na minti 15 zuwa 20 tana juyawa a tsakiya.

In ta sha iska sai ki murje ta da tafin hannu ki bakace a faifai ɓawon ya tafi. Ki sake dubawa, don yanzu da ta tuɓe za ki ga wasu masu baƙi a cikinsu da suka ɓuya a tsintar farko.

Yanzu markaɗe, kuma ga dokar da ba a karyawa: ko ɗigon ruwa kar ya shiga. Kusan rabin gyaɗa mai ne, ita da kanta za ta narke, ruwa kuwa shi ne yake sa ta lalace cikin 'yan kwanaki. In da bilenda za ki yi, ki tabbatar kofin ya bushe, ki zuba kaɗan kamar kofi 2, kuma in da ɗan ɗuminta ya fi saurin sakin mai. Da farko za ta zama gari, daga nan ta dunƙule ta manne a gefe kamar tuwo, a nan ne mutane da yawa suke karaya su kwarara ruwa, kar ki yi, ki kashe ki kankaro gefen da cokali ki bar injin ya huta minti ɗaya don kar ya ƙone, ki sake kunnawa, haka haka har ki ga ta fara sheƙi tana malala. In bilendar ba ta da ƙarfi ki taimaka mata da man gyaɗa cokali 1 ko 2, shi ke nan.

In mai yawa ce gara ki kai inji, amma ba kowane inji ba. Na taɓa aika yaro wajen mai markaɗen unguwa, ashe yanzu ya gama niƙa kayan miya ya ɗauraye da ruwa, aka dawo min da gyaɗata tana yajin attarugu ga ruwa-ruwa, sai a miyar taushe ta ƙare. Tun daga nan nake tambayar inda masu ƙuli-ƙuli suke kai tasu, can nake zuwa da kaina, in ce ya maimaita min sau 2 don ta yi laushi sosai. In kuma ba wuta ba inji, turmi da taɓarya suna yi, sai dai za ta fito da ɗan tsaki-tsaki, wasu ma haka suka fi so.

Gishiri ɗan kaɗan a ƙarshe, kamar rabin ƙaramin cokali a kofi 2. Sukari ki niƙa shi tukuna in ba haka ba zai riƙa ƙasƙas a haƙori. Ni nakan raba biyu, ta miya da kunu ba na sa mata komai, ta burodin yara kuma in sa zuma, sai dai jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma. Kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam, in kin ga yaro ya ci ya fara ƙuraje ko kumburin baki ko numfashi yana masa wuya, asibiti kai tsaye.

Ajiya a kwalba mai murfi wadda kika wanke kika shanya ta bushe sarai, cokalin ɗiba ma busasshe. Bayan kwana biyu za ki ga mai ya taso sama, ba lalacewa ta yi ba, ki juya kawai. A waje inda ba rana tana yin sati 3 zuwa wata, a firij ta fi haka daɗewa sai dai takan yi tauri, amma da zafin Afrilu ni ba na yin mai yawa, da kin ji ta fara maƙaƙi a wuya man ya juya ke nan, ki zubar. Gidanmu dai da safe a burodi take ƙarewa, da yamma kuma in ɗiba kaɗan in barbaɗa yaji a ci da yalo.