Daga Kantin Kwari zuwa tukubar mai tsire: kurakuran da maza ke yi a Kano

Mutum zai zuba albashin wata guda a kan shadda ɗaya, ya fito ranar Juma'a, duk wanda ya kalle shi ya ga akwai abin da bai zauna ba. Wani kuwa rabin kuɗin ya kashe, amma ya fito fes. Yawanci tun a Kantin Kwari ake yin wannan rabuwar, kafin almakashin tela ya taɓa yadin.

Ɓatan farko shi ne shiga kasuwar ba ka san shagon da ka nufa ba. Kana sa ƙafa a bakin layi za ka ji “Alhaji, me ake nema?”, kafin ka ankara wani ya shige gabanka yana yi maka jagora. Dillanci sana'a ce, ba mu ce laifi ba ne, sai dai ka sani la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya. Tun daga gida ka tambayi telanka inda yake turo masu saye, domin shi ne yake yanka yadin kullum, ya san wanda ke yaudarar ido. In ka isa, ka taya a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Mai kaya ya ce “albarka” ba korarka ya yi ba, ciniki ne bai faɗa ba tukuna. Ka je tsakanin hantsi da azahar, ka roƙi a fito maka da yadin bakin ƙofa. Fitilar shago tana ƙara wa shadda ƙyalli, tana kuma sauya launi: abin da ka gani fari sol a ciki zai iya zama ruwan madara a rana.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne yarda da tambari. Getzner kamfani ne na ƙasar Ostiriya, kuma saboda sunan da shaddarsa ta yi, ana buga irin tambarinsa na ruwan zinare a kan yadin da bai taɓa bi ta can ba. Hannunka da hancinka sun fi takardar da aka manna faɗa maka gaskiya. Ka kama gefen yadin ka murza shi sosai tsakanin yatsu. Idan wani farin gari ya fito, ko wurin ya saki ya zama laɓo-laɓo, to ƙarfin da ka ji na sitaci ne, wanki ɗaya zai tafi da shi. Ka juya bayan yadin: zanen shadda a cikin saƙa yake, don haka dole ka gan shi ta baya ma. Sai ka zare zare ɗaya daga bakin da aka yanka, ka fita waje ka ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule kamar ƙwallon leda, warinsa ma daban. Yadin da roba ta yi masa yawa ba ya shan gumi, kuma duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu ya san abin da wannan ke nufi a sahun sallah. Idan shaddar mai launi ce, ka jiƙa farin hankici ka goga a gefe. In ya ɗauko launi, za ta zuba.

Akwai kuma zancen awo, wanda mutane da yawa ke jin kunyar tambaya. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, mita kuwa 100. Mita 10 ta kusa yadi 11. Idan an ce maka “goma ce”, ka tambaya: goman me? A auna a gabanka. Ga matsakaicin mutum, yadi 5 yana fitar da kaftani da wando, yadi 10 kuma babbar riga da 'yar ciki da wando. Dogo ko mai jiki ya ƙara, kuma ya duba faɗin yadin, domin yadi 5 na mai faɗi da yadi 5 na matsattse ba ɗaya ba ne a kan teburin tela. Ƙarin rabin yadi a ranar saye ya fi dawowa bayan mako biyu neman irinsa, lokacin da bandir ɗin ya ƙare.

A wurin tela, abin da ya fi ɓata kaya shi ne aika awo ta waya, ko cewa “ka yi mini irin na bara”. Jiki yana canzawa. Ka je da kanka a auna kafaɗa, ƙirji, wuya, tsawon hannu, tsawon riga, ƙugu, cinya da ƙafar wando, ka kuma riƙe rigar da ta fi zama maka daidai a gwada da ita. Kafaɗa ce uwar ɗinki. In ta zarce ko ta gaza, babu gyaran da zai ɓoye. Tunda ba a wanke shadda kafin a ɗinka, kuma auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, a bar kamar inci ɗaya a tsawon riga da hannu. Wajen aiki, mutane kan zaɓi zanen da ya fi cika ido a hoto, su manta da nauyinsa. Aiki mai yawa a kan yadi mara kauri yana jan gaban riga ƙasa, wuyan ya baje. Sai dai a sa shafi mai kyau, ko a rage aikin. Zaren aikin ma a gwada shi da ruwa, domin baƙin zare mai zuba ya isa ya kashe farar shadda a rana ɗaya. Aikin hannu irin aska takwas kuwa ba na gaggawa ba ne. Wanda ya ce zai gama maka a kwana huɗu, ka tambaye shi da me zai yi.

Kayan Sallah a kai su kafin a ɗauki azumi. Wanda ya kai a goman ƙarshe, ko dai ya karɓi ɗinkin yaran shago da aka yi cikin barci, ko ya je idi da tsohuwar riga. Ka ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ka faɗi ranar karɓa da ta riga ranar bukatarka da mako guda, sauran kuɗin sai ka gwada.

Shaddar da ta tsira daga kasuwa da tela, sau da yawa a bahon wanki take mutuwa. Ba a jiƙa ta ta kwana, ba a sa mata bilic, ba a dirje ta da buroshi, ba a murɗe ta wajen matsewa. Ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa. Ƙyallinta kuwa wurin masu bugu ake dawo da shi bayan an sa sitaci daidai kima. Dutsen guga mai zafi a kan fuskar aiki yana kwantar da zaren ya ƙone shi. Ta baya ake goge wurin.

Hula tana da lamba kamar takalmi, amma kaɗan ne suka san tasu. Ka zagaya tef a kanka, ɗan sama da gira, ka riƙe adadin: inci 22 ne, ko 22 da rabi, ko 23. Zanna Bukar ko Damanga da ta matse za ta bar maka zobe a goshi da ciwon kai kafin la'asar, wadda ta yi yawa kuma za ta zauna a kan kunne. Idan za ka kai wanki, ka faɗa wa mai wankin lambar, domin a kan gungumen da ya ɗora ta za ta bushe, girmansa za ta ɗauka. Launi ɗaya daga cikin zaren hular ya dace da rigar ya wadatar. Neman hular da ta yi kama da shadda sak shi ke sa mutum ya tara huluna goma da ba sa shiga da komai sai riga ɗaya.

Takalmin fata, a Kurmi ko a Wambai, da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ka duba ko an ɗinke ƙasan ko gam kawai aka sa, domin gam ba ya jure kwalta mai zafi. Turaren mai kuma a fata ake shafa shi, a wuyan hannu da bayan kunne. A kan farar riga tabo yake bari. Kada a ajiye kwalba a mota, zafi yana juya ƙamshin. Kuma in na bayanka a sahu yana tari, ka zuba da yawa.

To, an yi kwalliya, an fito bayan isha'i. Daren Kano na majalisa ne da mai shayi da gidan kallon ƙwallo da wuraren cin abinci irin na Zoo Road, kuma a tsakiyar duk wannan akwai tukubar mai tsire. A nan kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙa kuɗi daga cikin mota a ce “a ba ni na dubu biyu”. Wanda bai zaɓa ba, abin da ya rage za a ba shi. Ka sauko ka tsaya. Tsiren yau yana da danshi da sheƙin mai, ƙulin da ke jikinsa ja-ja ne yana ƙamshin gyaɗa. Na jiya da aka ɗumama ya yi duhu, gefensa ya ƙeƙashe, tsinken ya sha wuta sau biyu, wani lokaci ma da ɗan tsami-tsami idan ka kai hanci. Wurin da mutane ke tsaye suna jira ya fi wurin da aka jibge nama babu mai saye, ko da za ka ɓata minti ashirin. Ka nuna tsinken da kake so, a mayar da shi wuta a gabanka ya yi zafi har ciki. Ɗumi-ɗumi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma wani ciwon cikin da ake ɗora wa yaji daga nan yake.

A wurin mai balangu ka faɗi abin da kake so da sunansa: tsoka, ko tozo, ko hanta, ko ƙoda, da kitse ko babu. In ka yi shiru za a cika maka takarda da kitse da jijiya, nauyi ya yi, nama ya yi kaɗan. Karɓar ɗanɗano ba kwaɗayi ba ne, al'adar wurin ce. Hanta tana saurin bushewa, don haka a yanka maka wadda aka sauke yanzu. Kaza kuwa a tsaga cinyar a duba jikin ƙashi. In da ja, ta koma wuta. Yaji a ƙulla shi daban, albasa da tumatir da kabeji ma daban idan gida za ka kai, in ba haka ba ruwansu zai jiƙe ƙulin kafin ka isa. Kada a naɗe nama mai zafi da mai a tsohuwar jarida, tawadar tana bin man. Takarda mara rubutu ta fi, kuma kada a ƙulle bakin leda, tururi ne ke mayar da tsire kamar dafaffe.

Baƙo ya zo Kano ya ci tsire da burodi ya tafi, bai ci gurasa ba, an yi masa ƙwauro. Ka nemi bandashe: gurasar da aka ɗan tsoma a ruwa, aka barbaɗe da garin ƙuli, aka zuba man gyaɗa da albasa. Abin lura shi ne ruwan da ake tsomawar, ka duba tsabtarsa, kuma a haɗa maka a lokacin, domin wanda ya jima a haɗe caɓewa yake yi. A teburin mai shayi, ka faɗi cokalin sukarin da kake so kafin ya fara haɗi. Da zarar ya ɗaga kofi ya fara shekawa, magana ta ƙare. Haɗi mai kauri da ƙwai huɗu da taliya biyu ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a kan tsiren da aka riga aka ci, shi ne ke hana mutum barci ya kuma makara da asuba. Ɗaya daga ciki ya isa.

Mai son kilishi na tsaraba, Agadasawa ta yi suna a kansa. Ka karya gefe ka gani: mai kyau yana karyewa da ɗan taushi, ba ya lanƙwasa kamar fata, kuma labun ya kama jikinsa. Mai danshi zai yi fumfuna a hanya, musamman da damina. A bar shi ya huce sarai, a naɗe a takarda, a sa a kwali inda iska ke shiga.

Saura komawa gida, wanda ya kamata a shirya tun kafin a fito. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, a watan Yulin 2022 kuma gwamnatin jiha ta sanar da hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Don haka wanda ba shi da abin hawa kada ya dogara da cewa zai samu a titi. Ya yi magana da wanda zai mayar da shi, ko ya tashi da wuri. Ka riƙe 'yan canji a aljihun gaba, domin tura kuɗi ta waya kan maƙale, kuma tsayuwa a bakin titi kana latse-latse da hasken waya a fuskarka gayyata ce ga masu ƙwace. In kira ya shigo, ka shiga cikin shago ko cikin mutane ka amsa. Motar ma a ajiye ta inda mai naman ko mai gadin wurin ke hangenta, a ɗauke jaka da hula daga kan kujera.